Alƙiblar da Na Tsayar

Bayan sallar isha na ji ƙarar. Na shigo gida ke nan ina laluben ashana, sai wani abu ya tashi daga bayan katangar maƙwabciyata Asama'u. Da farko ya yi kamar babur. Can sai ya koma wani siririn kuka mai shiga haƙori, kamar ana wasa wuƙa a dutse ba a ɗaga hannu. Awakina suka fizgi turke. Ƙarar ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, sannan na jiyo Asama'u tana faɗa: "Dutsen niƙan kakata! Duk duwatsun Zazzau ba ka ga na hudawa ba sai shi?"

Da kaka ne, shekara biyu bayan an mai da tuƙin mota hannun dama. Ni kuwa tun ina yaro ba na iya jin baƙon abu in zauna. Na ɗauki sandata na zagaya, na yi sallama a zaurensu.

Kabir ne ya fito, ɗanta na fari, wanda ke karatun duwatsu a jami'a can Samaru. Wandonsa a jiƙe, hannuwansa duk farin taɓo. Ya durƙusa ya gaishe ni yana danne dariya.

"Baba Zailani, mun hana ku sakat. Injin huda dutse ne na gyara, na ce bari in gwada kafin gobe."

"A dutsen niƙan Inna?"

"Ai ya daina aiki tun da injin niƙa ya zo unguwa."

Daga ciki Asama'u ta ce, "Kai ne ka daina aiki! Mutum da gemunsa yana wasa da tsakuwa."

Ya buɗe mini tafin hannunsa. Wani guntun dutse ne zagayayye sumul, kaurinsa kamar gaɓar siririn rake, tsawonsa bai kai yatsa ba. Har da ɗuminsa. Na juya shi a hasken fitila na tambaye shi amfaninsa. Ya ce wannan ba shi da amfani, don dutsen niƙa an ɗauko shi daga mazauninsa, an jujjuya shi. Wanda yake so shi ne dutsen da bai taɓa gusawa ba tun da aka halicce shi, kuma gobe da safe zai huda Dutsen Shanya.

Dutsen Shanya wani falalen dutse ne a tsakiyar unguwarmu, kusa da ganuwa. Mata na shanya barkono da kuɓewa a kansa. Wata baƙar jijiya ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Masallacinmu na gindinsa, maƙabartar unguwa kuma na bayan masallacin.

Muka zauna a dakali ya yi mini bayani, na kuma riƙe shi kusan yadda ya faɗa. Ya ce baƙar jijiyar nan a da narkakkiya ce kamar dalma. Da tana hucewa, wasu ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinta suka juya suka fuskanci arewa, kamar yadda allurar kamfas ke yi, sai dutsen ya daskare da su a haka. Tun ranar ba su motsa ba. In ka ciro guntu, ka rubuta yadda ka same shi a kwance, ka kai wa na'ura, za ta gaya maka inda arewa take a ranar da dutsen ya huce.

"To ai arewa tana inda take," na ce.

"Nan ne abin, Baba. Ba arewar yau suke nunawa ba. Ƙasar ce ta tafi da su, ta kuma juya. Da aka gwada duwatsunmu da na wata ƙasa a hayin teku, Barazil, sai aka ga ba sa daidaituwa sai an matso da ƙasashen biyu an haɗa bakinsu, kamar ƙwaryar da ta tsage."

Ya ce akwai zamanin da Hamada take ƙarƙashin ƙanƙara. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Amma na koma gida ina taka ƙasa a hankali, kamar wanda ya shiga kwalekwale.

A nan sai in faɗi abin da ya haɗa ni da arewa. Karatuna bai yi nisa ba: na yi allo har izu goma, na yi shekara biyu a elemantare, sannan na bi ma'aikatan safiyo, masu awon ƙasa, ina jan sarƙar awo, shekara goma sha ɗaya, daga nan har Kwantagora. Baturen da na yi wa aiki na ƙarshe, da zai koma gida, ya bar mini kamfas ɗinsa na tagulla. Ya koya mini abu biyu. In za ka ɗauki layi, nemi wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya motsi. Sannan alƙiblar Zariya ba gabas sak ba ce, digiri sittin da bakwai ce daga arewa.

Shekarar da za a gina masallacinmu, shekara ashirin da uku kafin wannan kaka, ni na tsayar da alƙiblarsa. Na hau Dutsen Shanya, na zaɓi wurin da ya fi ko'ina shimfiɗa, can sama, na sassaƙa 'yar alama da kurfi kamar yadda safiyo ke yi, na ɗora kamfas, aka ja igiya. Limaminmu na lokacin, Malam Audu, tsoho ne da ke gane gabas da fitowar rana da taurari. Ya dubi igiyar ya daɗe, ya ce, "Zailani, wannan ta yi kudu." Ni kuwa a gaban jama'a na ce masa, "Allah gafarta Malam, ido na kuskure, allura ba ta yi." Samarin unguwa suka goya mini baya, don lokacin duk abin da ya fito daga hannun Bature gaskiya ne. Malam Audu ya bar igiyar yadda take. Ya ja mu salla shekara shida a masallacin kafin ya rasu, kullum yana ɗan karkata hagu. Muka ce ciwon ƙugu ne.

Tun daga nan ake kirana Mai Kamfas. Ba ni da wani abu a unguwar da ya wuce wannan suna.

Washegarin daren ƙarar nan, da hantsi, na fito da kamfas ɗin naɗe a ƙyallensa. Na tarar Kabir ya riga ya fara, Bahago na buga masa ruwa da famfon hannu don kada bakin injin ya ƙone. Bahago magini ne, sa'ana, shi ya ɗora tubalin masallacin, kuma bakinsa bai taɓa hutawa a kaina ba, Gwamna yake kirana don tsokana.

"Ga shi nan! Dama na ce ba za a huda dutse a Zariya babu sa hannun Gwamna ba."

"Buga ruwanka, lebura," na ce.

Kabir ya kashe injin. Guntun dutsen na tsaye a cikin raminsa, bai karye shi ba tukuna. Ya zura wani bututu a kansa mai ɗan faranti a sama, da tsinke tsaye a tsakiyar farantin. Ya dubi inda inuwar tsinken ta faɗa, ya dubi agogo, ya rubuta. Sannan ya ja kibiya a jikin dutsen, ya ɓalle shi. Na ga aikin na cin lokaci, sai na warware ƙyallena.

"Ɗana, bar wahalar da kanka da inuwa. Ga mai faɗa maka arewa nan take."

Ya karɓa hannu biyu, ya yaba tagullar, ya ce irinsa ba a yi yanzu. Sannan ya ce, "Amma a kan dutsen nan ba ya aiki, Baba. Ku duba."

Ya ajiye shi a kan dutsen, ya riƙa tura shi a hankali da yatsa yana hawa sama. Da farko allurar na tsaye. Can sai ta fara rawa. Da ya ƙara taku biyu ta karkata dama, ya ƙara ɗaya ta ƙara karkata, kamar akwai wanda ke kiranta daga ƙasa. A wani wurin sai da ta kusa juyawa baya.

"Aradu ce," inji shi. "In ta faɗa kan dutse takan mai da wurin maganaɗisu mai ƙarfi. Takan goge tsohon labarin ta rubuta nata. Shi ya sa ba na ɗaukar komai daga saman nan, kuma shi ya sa nake auna da rana. Rana ba ruwanta da ƙarfe."

Bahago ya ce, "Ashe kamfas ma na da aljanu, kamar mai shi."

Kabir ya kai kamfas ɗin daidai kan 'yar alamar da na sassaƙa. Allurar ta kwanta can dama ta tsaya cak, ba rawa, kamar mai gaskiya. Ya shafa alamar da ɗan yatsa. Ɗan unguwa ne, ya san labarinta tun yana rarrafe. Ya ɗaga kai ya dubi masallacin, sannan ya dube ni, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Ya naɗe mini kamfas ɗin da kansa.

Da Bahago ya tafi ɗebo ruwa, na ce, "Yaushe aradun ta faɗa?"

"Ba a iya sani, Baba. Wataƙila bara, wataƙila tun kafin a gina ganuwa."

"To in bara ce, ai layina na nan daidai."

"Haka ne."

"Auna mini da rana."

Ya koma goge bakin injinsa. Na ce, "Umarni na ba ka."

Muka jira har aka watse daga azahar. Ya kafa farantinsa a fili gefen masallaci, nesa da dutsen, ya duba agogo, ya buɗe wani littafi mai cike da lambobi, ya yi lissafi sau biyu. Sannan ya ja layi biyu a ƙasa da tsinke. Ɗaya alƙibla. Ɗaya inda masallacinmu ya fuskanta. Tsakaninsu ya buɗe kamar bakin almakashi, digiri arba'in da ɗaya, kuma namu ne ya yi kudu.

Na sa ƙafa na share layukan. Ya ce, "Baba, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Maganarku ce." Da yamma ya kwashe duwatsunsa a akwati ya koma Samaru.

Akwai abin da ban gaya masa ba. Shekarar da aka yi wa masallacin rufin kwano, na taɓa buɗe kamfas ɗin a ciki don in nuna wa wani baƙo, sai na ga allurar ba ta yarda da bangon ba. Na ce kwano ne da ƙusoshi suka ja ta. Na rufe shi, ban sake buɗe shi a wurin ba. Da na fita fili ranar nan na sake gwadawa, da na gano tun lokacin. Ban fita ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. In na shiga sahu sai in ji kafaɗata ta hagu na ja na. Na gwada karkata kaɗan, na kusa da ni ya gyara ni da gwiwar hannu. Na koma salla a gida na ce ƙafa ce ke damuna. Ina jin su ta katanga suna cewa amin, mutum talatin, arba'in, duk sun miƙe a kan igiyata.

Amma masu rai ba su ne suka fi hana ni cin abinci ba. Masu haƙar kabari a unguwarmu ba sa neman gabas. Sukan tsaya su daidaita da bangon masallaci, su ja layi da ƙafa, su fara sara. Haka suke yi tun da aka gina shi. Na shiga maƙabartar wata safiya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tsofaffin da ke can ciki, na kafin a gina masallacin, sun kwanta ta wata fuska. Daga tsakiya zuwa bakin ƙofa duk sun karkace tare, kamar an tura su da hannu. Abin a fili yake, amma ciyawa da sabo sun rufe mana ido. Na ƙirga casa'in da huɗu. Matata Sailuba na cikinsu, a layi na uku, kusa da wata 'yar bishiyar kurna. Ni na kwantar da ita a kan damanta, ni na gyara mata fuska da hannuna, ina ganin na fuskantar da ita Ka'aba. Malam Sani, mijin Asama'u, uban Kabir, yana gaba da ita da kabari biyu.

Ran Asabar Kabir ya zo duba uwarsa. Na tare shi a hanyar Ƙofar Doka kafin ya shigo unguwa, don wani tunani ya kwana uku yana zagaya ni.

"Ka ce ƙasa na juyawa."

"Tana juyawa, Baba."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ta wane hannu? In hagu take yi, ai wata rana za ta daidaita su da kanta."

Bai tambaye ni su wa ba. Ya jingine kekensa a jikin ganuwa. Ya ce tafiyarta kamar tsiron farce ce, a shekara ba ta wuce faɗin yatsa biyu. Kafin ta juya digiri arba'in sai an yi shekaru dubu sau dubu, har sau ɗari ko fiye. Kuma ƙasar Makka ita ma tafiya take yi, tana rabuwa da tamu, shi ya sa Bahar Maliya ke ƙara faɗi.

"To ita ma alƙiblar ba a tsaye take ba ke nan."

"A wurin duwatsu, e. A wurinmu, a tsaye take."

Na ce, "Su ai suna da lokaci. Ba inda za su."

Ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa. Sai a lokacin na tuna ba ni kaɗai ke da mutum a wurin ba. Ya ce, "Baba, kada ku sa ni in yi muku ƙarya. Ban san ta inda za ta juya ba." Ya ja kekensa muka shigo tare.

Duk da haka na riƙe tunanin. Nakan zauna a ƙofar gida in dubi ganuwa da rimayen da ke bayanta, in riƙa jin kamar duk Birnin Zariya, da fada da kasuwa da marina, yana kan wani babban faifai da ake juyawa a hankali. Nakan ce wa kaina, Wanda ya raba Barazil da mu ba zai gaza juya mutum casa'in da huɗu ba. Yakan kwantar mini da hankali har zuwa kiran salla na gaba.

Sai Batulu mai daddawa ta rasu, ranar wata Talata da safe. Tsohuwa ce da ba ta da kowa sai mu. Na bi masu haƙa, ina cewa a raina yau zan yi magana. Babbansu ya tsaya, ya rufe ido ɗaya ya daidaita da bangon masallaci, ya ja layi da dunduniya. Har ya waiwayo ya ce, "Ya yi, Mai Kamfas?" don girmamawa kawai, kamar yadda suka saba. Mutane na tsaye. Na ji bakina ya ce, "Ya yi."

Sauran casa'in da huɗun na kwantar da su cikin rashin sani. Batulu kuwa ina sane. Da aka gama turbuɗa ƙasa ban koma gida ba, na wuce zauren Liman Ɗahiru, ɗan marigayi Malam Audu, wanda ya gaji limancin.

Na same shi yana gyara alƙalami. Na zauna a ƙasa, ba kan buzun da ya nuna mini ba, na faɗa masa komai: dutsen, aradun, layuka biyu na Kabir, har da ranar rufin kwano. Bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da feƙe alƙalamin har ya lalata bakinsa.

"Kudu," ya ce.

"Kudu, Allah gafarta Malam. Kamar yadda ya faɗa."

"Ina nan ranar. Ina riƙe da butarsa." Ya ajiye wuƙar. "Da muka koma gida bai ci tuwo ba. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake karkata, ya ce mini ƙugunsa ne. Ni ma abin da ya gaya mini ke nan."

Na ce ya yafe mini a madadinsa. Ya ce ba shi aka yi wa ba, ba shi zai yafe ba, amma tsohon bai mutu da kowa a ransa ba. Sannan ya koma muryarsa ta karatu. Ya ce wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, sallarsa ta yi, babu ramuwa sai wadda lokacinta bai fita ba. Jama'a ba su da laifi, sun bi liman, liman ya bi igiya. Shekarun da suka biyo bayan rufin kwano kuwa, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Ya ce a kira Kabir ran Asabar, a ja sabuwar igiya a gaban kowa, kuma ni zan yi bayani da bakina.

Na jira ya kawo maganar maƙabarta. Bai kawo ba. Ya jira ni, ina tsammani, ni ma ban kawo ba. Mahaifinsa na can, da ƙanwarsa, da 'ya'yansa biyu. Muka yi sallama kowa na duban tabarma.

Ran Asabar kafin la'asar unguwa ta taru, har da waɗanda ba mu saba gani a sahu ba. Na tsaya a ƙofar masallaci na faɗi abin da na yi. Muryata ta ƙi fita sosai, sai da Liman ya riƙa maimaita wa na baya. Da na gama surutu ya ɓarke. Wani ya ce a rushe bangon gabas. Wani ya ce ɗan boko ne ya zo da fitina, gobe ma zai ce Ka'abar ce ta gusa. Wani dattijo ya ce shi dama tun da can jikinsa bai ba shi ba, alhali shi ya riƙe mini bakin igiya a wancan karon.

Bahago ya ɗaga murya: "Kai Kabiru, in aka miƙe a kan tsohon layin, ina za a ɓulla?"

Kabir ya dubi kudu maso gabas. "Wajen Yola, Baba."

"Yola! Shekara ashirin da uku! Ni da ko Kafanchan ban taɓa zuwa ba." Aka yi dariya, wasu suna istigfari. Ya juyo gare ni. "Ka gani, Gwamna? Bangona dai a miƙe yake. Duk wanda ya taɓa mini shi sai mun yi shari'a. Ku karkata tabarmi, ku ƙyale mini gini."

Ya faɗa da wasa, amma ya matso ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, bai kuma gusa ba har aka gama. Liman ya ce haka za a yi: bango ya tsaya, sahu ya juya.

Kabir ya kafa farantinsa a fili, ya nuna wa dattawa inuwar da agogon, ya bar Liman ya karanta lambar da kansa. Aka buga turke a waje, kusa da gindin dutsen, aka ja igiya ta ƙofa har cikin masallaci, Bahago ya bi ta da farar ƙasa yana shata layi. Da aka shimfiɗa tabarmi a kan sabon layin sai ɗakin ya zama baƙo. Sahun farko ya koma mutum huɗu kacal, kusurwa biyu suka zama wofi, gurbin liman ya koma gefe kamar ƙofar da aka daina shiga. Mutane suka riƙa shiga suna gwada tsayuwa, suna fitowa suna girgiza kai. Wani ya dafa ni ya ce Allah ya ba da ladan faɗar gaskiya. Wani ya wuce ni bai dube ni ba. Ladan ya ce lokaci ya yi, aka fara neman butoci. Har na fara jin numfashina na sauka.

Asama'u na kan dutsen tun ɗazu tana kwashe barkononta, don inuwa ta fara cin shanyar. Tsohuwa ce, ba mai hana ta tsayawa inda maza suke. Ta sauko da ƙwarya a kai, ta tsaya a bakin turken, ta bi igiyar da ido har cikin masallaci. Sannan ta juya ta dubi gajeriyar katangar maƙabarta.

"Malam Zailani, ku masu ƙafa kun juya. Su na bayan katangar nan fa?"

Ladan ya tsaya da buta a hannu. Liman ya dubi ƙasa. Kabir ya durƙusa yana naɗe igiyar da ba a ce ya naɗe ba. Bahago ma, da bai taɓa rasa ta cewa ba, ya shiga kakkaɓe farar ƙasa daga hannunsa. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zaman ƙwaryarta.

"Da ku nake. Maigidana shekara tara yana kwance yana duban inda kuka ce ba nan ba ne. Shi wa zai juya shi?"